Mafarkin Yara 65 da Zangunan Hausawa na Gabas: Waiwaye a Kan Wani Bincike na 1966

Ɗalibanmu na sashen Hausa sun ƙware wajen tarken waƙa da ƙagaggen labari. Idan aka ba su baiti, za su juya shi ciki da bai, su tambayi wanda ya yi shi, da wanda aka yi wa, da abin da mawaƙin ya ɓoye. Amma da zarar an miƙa musu maƙalar da ke ɗauke da alƙaluma da jadawali, musamman in daga wata jami'ar Turai ko Amurka ta fito, sai gwiwarsu ta yi sanyi, su kwafe sakamakon su zuba a kundin digirinsu kamar wanda ya tsinci nassi. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu ɗauki bincike guda ɗaya na ilimin halayyar ɗan'adam wanda aka yi a kan Hausawa, mu bi tarihinsa, sannan mu aza shi a kan tarihin unguwannin Hausawa na Fatakwal da Anacha da Inugu, domin a ga yadda ake gane nagartar irin wannan rubutu da kuma inda iyakarsa take.

Binciken da muke nufi shi ne na Robert LeVine, wani masanin al'adu da halayyar ɗan'adam na Jami'ar Shikago, wanda ya fito a matsayin ɗan ƙaramin littafi mai suna Dreams and Deeds a shekarar 1966, tare da taimakon Eugene Strangman da Leonard Unterberger. Ma'anar sunan ita ce mafarkai da ayyuka. Tushen aikin yana cikin ra'in David McClelland, wanda a littafinsa na 1961, The Achieving Society, ya kawo da'awar cewa akwai wani ƙishi na cin nasara a zuciyar ɗan'adam, wato son mutum ya yi abu ya fi yadda aka saba yi, kuma gwargwadon yawan wannan ƙishi a cikin al'umma, gwargwadon bunƙasar arzikinta. McClelland ba ya tambayar mutum kai tsaye. Yakan sa shi ya ƙirƙiri labari a kan wani hoto, ko ya duba labaran da ke cikin littattafan karatun yara na wata ƙasa, sannan ya ƙirga sau nawa maganar gasa da ƙwarewa da kai wa ga buri ta fito.

LeVine ya ɗauki wannan ma'auni ya zo da shi Nijeriya a farkon shekarun 1960, sai dai shi mafarki ya zaɓa a maimakon hoto. Ya sa yara maza 342 na makarantun sakandare suka rubuta mafarkansu: Ibo 138, Hausawa 65, sauran kuma Yarabawa, waɗanda ya raba biyu, na kudu da na arewa. Aka ba masu duba rubutun suka sa maki bisa ƙa'idar McClelland. Sakamakon ya fito a jere kamar matakala: Ibo a sama, sai Yarabawan kudu, sai Yarabawan arewa, Hausawa a ƙasa. Kimanin kashi 43 cikin ɗari na yaran Ibo aka samu alamar wannan ƙishi a mafarkinsu, Hausawa kuwa kimanin kashi 17. Har ila yau ya sa yara suka rubuta insha'i a kan wane ne mutumin da ya ci nasara, da yadda yaro zai zama irinsa, inda aka ga yaran Hausawa sun fi kowa ambaton biyayya da bin na gaba. Bayanin da ya bayar shi ne, a ƙarni na 19 hanyar ɗaukaka a ƙasar Ibo ita ce mutum ya tara dukiya da guminsa ya sayi muƙami, alhali a masarautun Hausa hanyar ita ce barantaka, wato mutum ya raɓi mai sarauta ya yi masa bauta har a saka masa da rawani. A nan ya jingina ƙwarai da aikin M. G. Smith a kan mulkin Zazzau, wanda ya fito a 1960.

Kafin mu soma suka, wajibi ne mu ba mutumin nan haƙƙinsa, domin ɗalibi mai gaggawa yakan ɗauka duk binciken da sakamakonsa bai yi masa daɗi ba to na banza ne. LeVine ya faɗi abin da yake tsammanin zai samu da dalilinsa, ya bayyana yadda ya tara bayanai, ya kawo adadin yaran kowane rukuni, ya kuma auna wasu dalilan da za su iya haifar da bambancin, kamar addini da ilimin iyaye. Wanda duk ya so ya bi sawunsa zai iya. In aka kwatanta shi da rahoton da J. C. Carothers ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya a 1953 a kan abin da ya kira hankalin Ba'afirke, inda aka tattara nahiya guda aka yanke mata hukunci daga abin da aka gani a gidan mahaukata da rubuce-rubucen 'yan mulkin mallaka, za a ga tazarar da ke tsakanin mai auna abu da mai zuba son zuciya. Da yake LeVine ya shimfiɗa komi a fili, shi ya sa ma muke iya ganin inda ya gaza.

Tambaya ta farko da mai sayen hatsi yake yi ita ce, daga ina aka ɗebo abin da aka nuna masa a tafin hannu, daga bakin buhu ko daga cikinsa? Ƙidayar 1963 ta sa Hausawan Nijeriya sun haura miliyan 11. Yara 65 ba su da laifi don sun yi kaɗan, domin ƙaramin samfur yana iya faɗin gaskiya in an ɗebo shi daga ko'ina. Matsalar ita ce su wane ne yaran. A Jihar Arewa ta wancan lokaci makarantun sakandare ƙalilan ne, kuma tun daga buɗe Kwalejin Katsina a farkon shekarun 1920 ilimin boko mai zurfi ya fi karkata ga 'ya'yan sarakuna da hakimai da ma'aikatan En'e, waɗanda ake shiryawa domin aikin hukuma. Yaron da ya tashi a irin wannan gida, in aka tambaye shi yadda ake zama babban mutum ya ce ta hanyar biyayya, gaskiyar gidansu ya faɗa. Ɗan falke kuwa, da ɗan mahauci, da ɗan dillali, galibi makarantar allo suka yi, daga nan suka bi iyayensu ko iyayen gidansu kasuwa. A kudu kuma, inda makarantun mishan suka yawaita, ɗan manomi talaka mai ƙwazo shi ne ke kutsawa ya shiga sakandare, sau da yawa da kuɗin da dangi ko ƙungiyar garinsu suka tara masa. Ke nan ƙofar da ta tace yaran Ibo daban take da ƙofar da ta tace yaran Hausawa, kuma an kwatanta abin da ya fito ta ƙofofin biyu kamar dai ƙabilun ne aka kwatanta.

To, ina waɗanda ba a ɗebo ba? Wani ɓangare nasu yana zaune a cikin ƙasar Ibo ɗin kanta, a daidai lokacin da ake tattara mafarkan. Farfesa Egodi Uchendu ta Jami'ar Nsukka, a littafinta na 2011 a kan tarihin shigar Musulunci gabashin Nijeriya, ta nuna cewa tun a ƙarshen ƙarni na 19 maharba giwaye daga ƙasar Hausa suka yi zango a Elele, wanda ke cikin Jihar Ribas ta yau, suna neman haure. A Anacha kuwa kogin Kwara ne ya kawo baƙi, Nufawa da Hausawa, tun kafin a yi maganar hanyar mota, kuma har yanzu a kewayen babbar kasuwar garin akwai titin Bida da titin Sakkwato. Sai aka gano kwal a tsaunukan Udi a 1909, aka kafa Fatakwal domin fitar da shi, Gwamna Lugga ya raɗa mata sunan Lewis Harcourt a 1913, layin dogo ya haɗa ta da Inugu a 1916. Kafin ƙarshen shekarun 1920 layin ya sadu da na Kaduna, aka kuma buɗe gadar Makurɗi a 1932. Waɗannan garuruwa na leburori da ma'aikata suna bukatar nama, ƙudan tsando kuwa ba ya barin shanun arewa su daɗe a kurmi ba tare da sammore ya kama su ba. Wanda ya ga wannan giɓi ya cike shi, shi ne Bahaushe da Bafulatani: shanu da awaki, wake da albasa, busasshen kifi da kanwa suna gangarawa, manja yana hawowa. Ibo suka sa wa unguwannin suna Ama Awusa, suka kira arewa gaba ɗaya Ugwu Awusa, har goron da muke ci suka bambanta shi da nasu na gargajiya, suna ce masa gworo ko oji Awusa. Kowane zango da Sarkin Hausawansa, da limaminsa, da masu masaukinsa.

Daga cikin wannan jama'a ne Malam Umaru Altine ya fito, Bafulatani mai fataucin shanu daga lardin Sakkwato, wanda ya zauna a Inugu ya shiga jam'iyyar NCNC ta Dokta Nnamdi Azikiwe, har ya zama magajin garin Inugu na farko a 1956, a hedikwatar Jihar Gabas, da ƙuri'un mutanen da mafi yawansu Ibo ne. Mutumin da ya baro Sakkwato da sanda ya zo ya shugabanci birnin kwal, da wuya a ce ba shi da ƙishin cin nasara, ko da me aka auna. Kuma ba sabon abu ba ne. Mahdi Adamu a 1978 da Paul Lovejoy a 1980 sun rubuta tarihin fataken Gwanja, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda suke yin watanni a hanya da jakuna domin goro. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, daga wannan fatauci ya taso kafin ya koma cinikin gyaɗa.

Sai dai a nan ma dole mu ja linzami, kada mu faɗa ramin da muke nuna wa wani. Mazauna zango su ma tatattu ne. Wanda ya bar garinsu ya tafi Fatakwal ba shi ne Bahaushen ko'ina ba, shi ne wanda ya fi 'yan'uwansa ƙarfin hali, ko ya fi su matsuwa. Da wani zai je Ama Awusa ya auna mutum 65 ya dawo ya ce Hausawa sun fi kowa himma a Nijeriya, da kuskurensa ya yi daidai da na wanda ya tsaya a ajin sakandare. Abin da tarihin zango ya tabbatar ya fi wannan ƙanƙanta, amma ya isa: akwai wata babbar hanyar ɗaukaka a rayuwar Hausawa wadda ba ta bi ta ƙofar fada ba, kuma binciken da ya gina bayaninsa a kan tsarin sarauta, ya kuma ɗebo yaransa daga makarantun da ke ciyar da wannan tsari, ba zai iya hango ta da kyau ba.

Tambaya ta biyu ta fi ta farko nauyi a wurinmu mu masu nazarin harshe da adabi, ita ce ta mudun da aka yi awon da shi. An ɗauka cewa abin da yaro ya rubuta shi ne abin da ya gani a barci, abin da ya gani kuma shi ne abin da ke ƙasan zuciyarsa. Tsakanin mafarki da takarda akwai shingaye. Na ɗaya, da Ingilishi aka yi rubutun, harshen da yaron kudu ya fi daɗewa yana ji a coci da makaranta da kasuwa. Na biyu, mafarki a wurin Musulmi ba labarin hira ba ne. An koya wa yaro tun yana ƙarami cewa mafarki mai kyau ba a faɗa wa kowa sai masoyi ko malami mai fassara, mummuna kuwa a yi shiru da shi a nemi tsari. Na uku, akwai kunya, akwai kuma tsoron kambun baka. Yaron da ya yi mafarkin ya hau doki da alkyabba, ko ya ga kansa da rumbuna cike da gyaɗa, yaya zai rubuta wa baƙon Bature wannan, a cikin aji, malaminsa na tsaye? A tarbiyyar da ya samu, mai bayyana burinsa a fili mai cika baki ne, kuma arziki, kamar yadda Polly Hill ta lura a bincikenta na Ɓatagarawa wanda ya fito a 1972, abu ne da ake dangantawa da baiwar Allah ko da kuwa mai shi ya fi kowa tashi da asuba. Saboda haka ma'aunin yana iya kasancewa ya auna yardar mutum ya furta burinsa, aka rubuta cewa burin ne aka auna. Mu da muke koyar da habaici da zaurance da karin magana mun san al'ummar da ba ta faɗin abu kai tsaye ba a ƙirga zuciyarta da yawan kalmomin da ta furta.

Haka nan maganar biyayya. Ba mu musun cewa yaran Hausawa sun fi ambatonta, wataƙila ma in aka sake tambaya a yau haka za a samu. Abin dubawa shi ne ma'anar da aka ba ta, domin a ra'in McClelland biyayya da ƙishin nasara kamar kishiyoyi ne. Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Badun a 1962 da 1963, wato kusan lokaci ɗaya da aikin LeVine, ya fitar da littafinsa a 1969. Ya nuna cewa cinikin shanu da goro gaba ɗaya a kan amana da bashi yake tafiya: falke ya kawo shanu ya sauka gidan maigida, maigida ya tsaya wa mahauci a ba shi bashi, yaran maigida su yi dillanci su karɓo kuɗi, ba takarda ba kotu. Yaro yakan yi shekaru yana wa maigida hidima, maigida ya yi masa aure, ya ba shi jari, wata rana shi ma ya buɗe nasa masauki. Duk wanda ya san kasuwar shanu a gabas ya san wannan tsari. A cikinsa biyayya ita ce jarin wanda ba shi da jari, kuma yaron da ya rubuta cewa da ita ake zama babban mutum, hanyar kasuwanci yake bayyanawa. Abin sha'awa ma, su kansu Ibo 'yan kasuwar Anacha suna da tsarin da yaro zai yi wa ubangidansa hidima na shekaru kafin a sallame shi da jari.

Akwai kuma abin da alƙaluman kansu suke faɗa wanda masu ambaton littafin ba su cika kulawa da shi ba. Kashi 43 bai kai rabi ba. Ma'ana, mafi yawan yaran Ibo ɗin ma ba a ga wannan alama a mafarkinsu ba. Bambancin da ke tsakanin rukuni biyu na yara ya zama, a bakin masu ruwaya, hali na ƙabila sukutum.

Shekarar da littafin ya fito ba ta taimaka ba. A ranar 15 ga Janairun 1966 aka yi juyin mulkin da ya ci ran Sardauna da Tafawa Ɓalewa, aka yi na biyu a Yuli, aka yi wa Ibo kisan gilla a garuruwan arewa a watan Mayu da kuma Satumba zuwa Oktoba, 'yan arewa mazauna gabas su ma aka taɓa su, waɗanda suka tsira aka kwaso su zuwa gida. Zangunan Inugu da Anacha da Fatakwal suka zama kufai, yaƙi ya ɓarke a Yulin 1967 bai ƙare ba sai Janairun 1970. A irin wannan yanayi, maganar cewa wata ƙabila ta fi wata himma ba ta tsaya a ɗakin karatu ba, domin kowane ɓangare yana da amfanin da zai yi da ita: wani ya ce hassada ce ta sa aka far masa, wani ya ce mamaya ce ta sa ya ji tsoro. Ra'ayin ya daɗe a cikin rubuce-rubuce. Ko Chinua Achebe, a ɗan littafinsa The Trouble with Nigeria da aka buga a Inugu a 1983, ya kawo makamancinsa, inda ya ga cewa al'adar Ibo ta sake wa mutum mara, addini kuma ya riƙe Hausa da Fulani. Ba mu ce daga LeVine ya ɗauko ba, abin da muke nunawa shi ne bincike yakan yi saurin karɓuwa idan ya dace da abin da mutane suka riga suka yi imani da shi, kuma a nan ne ya kamata mai karatu ya ƙara sa ido.

Shi kansa mudun bai tsira ba a hannun masu fannin. A 1972 Doris Entwisle ta bi diddigin ma'aunan ƙishin nasara da ake ɗauka daga ƙirƙirarrun labarai, ta nuna ba su da tabbas, mutum ɗaya yana iya samun maki daban daga wannan hoto zuwa wancan, kuma yawan kalmomin da ya rubuta yana shafar abin da ake gani. A 1977 Allan Mazur da Eugene Rosa suka sake gwada da'awar McClelland da alƙaluman tattalin arziki na shekarun baya, ba su sami dangantakar da ya yi alkawari ba. A 2010 Joseph Henrich da abokan aikinsa biyu suka ja hankali ga cewa kashi 96 cikin ɗari na mutanen da ake bincike a kansu a manyan mujallun fannin sun fito ne daga ƙasashen da ke da kashi 12 kawai na al'ummar duniya. A 2015 kuma wata tawagar masana ta sake gudanar da bincike 100 da aka riga aka buga: 97 daga cikinsu sun ba da sakamako mai ƙarfi a karon farko, amma kimanin kashi 36 cikin ɗari kacal suka maimaita. Bugawa a babbar mujalla ke nan ba ta zama shaidar inganci ba, ko a can inda aka ƙirƙiro fannin.

Abin da ya fi dacewa da mu shi ne misalin da ya fito daga Inugu. A Nsukka aka buɗe sashen ilimin halayyar ɗan'adam na farko a jami'o'in Nijeriya a 1964, kuma a asibitin koyarwa na wannan jami'a da ke Inugu ne Peter Ebigbo ya lura cewa takardun tambayoyin da ake shigowa da su daga Turai ba sa kama ciwon marasa lafiyarsa. Takardar tana tambayar mutum ko yana jin baƙin ciki ko ya yanke ƙauna, shi kuwa abin da yake kawo wa likita shi ne zafi a cikin kai, da nauyi a ka, da wani abu mai tafiya a jiki kamar tsutsa. Sai Ebigbo ya juya aikin: ya tattara koke-koken daga bakin marasa lafiyar, ya gina ma'auninsa da su, ya gwada shi a kan masu ciwo da masu lafiya domin ya ga ko yana rarrabe su, ya buga sakamakon a 1982. Ma'aunin yana ɗauke da sunan Inugu har yau. Shi ma yana da iyaka, domin daga bakin mutanen kudu aka ɗebo shi, kuma Bahaushen Ama Awusa da zai ce zuciyarsa ta ɓaci, ko gabansa na faɗuwa, ko iska ta taɓa shi, sai an sake zama an saurari nasa kalmomin kafin a ce takardar ta auna shi.

Bayan 1970 zangunan sun sake cika. Aka sami manyan kasuwannin shanu a Lokpanta, a kan hanyar Inugu zuwa Fatakwal, da Ugwuoba da Amansea a kan hanyar Inugu zuwa Anacha. Rikicin Fabrairun 2006 ya sake watsa Hausawan Anacha, suka kuma komawa. A cikin waɗannan unguwanni akwai jikokin waɗanda suka sauka a jirgin ƙasa tun kafin a ba da mulkin kai, suna jin Ibo kamar Hausa, wasunsu iyayensu mata Ibo ne, kuma a jadawalin 1966 babu gurbin da za a rubuta su.